Albarushin Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ceci ƙasata a kan gadar Jega ba, ko na so in manta ma mutanen Maiyama ba za su bar ni ba.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, soja ke mulki, ni kuma ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba aka tura ni wata firamare a Maiyama. Gidanmu yana Sabon Garin Jega. Mahaifina tela ne, ni kuwa makarantar kwana ta ɗauke ni tun ina ƙarami, saboda haka abin da na sani game da gona bai wuce abin da ake zubo mini a kwano ba. Inda na ƙware shi ne littattafan leƙen asiri na Turanci, irin waɗanda wani mutum ke bazawa a tabarma ranar kasuwa, wasu ba bango, wasu ba shafin ƙarshe. A cikinsu ba a rasa minista ɓarawo, da 'yan ta'adda masu dasa bam, da jarumi ɗaya tilo wanda ya fi kowa ido. Na karanta su har suka hau mini kai. Na sayi baƙin tabarau (ko a inuwa ba na cirewa), ba na zama in ba ƙofa baya, ga ɗan littafin aljihu da nake rubuta motsin mutane. Hedimastanmu, bawan Allah mai sanyin hali, shafi uku gare shi, don kawai yana jin rediyo ƙasa-ƙasa.

Wata rana a ƙarshen damina na zo gida zan koma bakin aiki, saura mako guda kantoman ƙaramar hukumarmu ya ziyarci makarantarmu. Na hau bayan a-kori-kura a tasha muna jiran ta cika. Gefena wani dattijo ne da na ji ana kira Baba Nomau, ya ce daga Aliero ya taso, zai koma gida Maiyama. Ya rungume wani gwangwanin madara naɗe cikin tsumma. Can sai ya waiga hagu da dama, ya kwance tsumman, ya ɗan ɗaga murfin ya nuna wa abokin tafiyarsa. Na leƙa ta saman littafina. Wani abu ne baƙi ƙirin, tsaki-tsaki, cike da gwangwanin.

Ya rage murya ya ce, "Shi ke nan abin da marigayi yab bari. Kwana bakwai shi tashi, ba awa na gwamnati ba. Bayan makarantar boko za ni dasa shi. Kada dai ruwa shi taɓa shi kafin lokaci."

Na kama lissafi a raina. Kwana bakwai, ranar zuwan kantoma ke nan. Bayan makarantar boko, nan tagar ajina take, da yara cike. Ga tashi, ga dasawa, ga gwamnati, ga wani marigayi wanda nan take na yanke cewa shi ne shugaban ƙungiyar. Albarushi ne, ba ko shakka. (Ban taɓa ganin albarushi da idona ba, amma wannan bai dame ni ba a lokacin.)

Dattijon ya sauka kama ruwa, ya bar wa abokinsa gwangwanin, shi kuma ya juya yana cinikin rake. Jarumi ba ya aiki sai da shaida. Na zura hannu na ɗan tsakuro, na zuba a tsakiyar littafin da nake karantawa, na rufe na danne. Na yi tunanin zuwa wurin 'yan sanda, sai na tuna a littattafaina duk an saye su. Aikin nawa ne ni kaɗai, kuma maƙiyi da bakinsa ya faɗi lagonsa: ruwa.

Tsohon ya dawo ya karɓi kayansa, mota ta tashi. Da muka hau gada, gulbi ya cika ya batse, direba ya rage gudu. Na miƙe na fizge gwangwanin daga ƙirjin tsohon, na wurga shi cikin gulbin da iya ƙarfina, na kwarma ihu na ce kowa ya kwanta.

Ba wanda ya kwanta. Ni kaɗai ne a ƙasan mota, fuskata a kan buhun gishirin wata mata, hannuwana toshe da kunnuwa. Aka bubbuga wa direba ya tsaya. Da na ɗago, Baba Nomau yana riƙe da ƙarfen mota yana kallon ruwa, tsumman yana hannunsa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba.

"Malam, mi niy yi maka?"

Na gyara tabarau na fara jawabi. Na ce asirinsu ya tonu, na ji komai, na san albarushi ne, na san ranar, na san wurin. Ina magana ina jiran a fara yi mini godiya, amma kowa ya saki baki yana kallona.

Abokin tafiyarsa ne ya katse ni. "Albarushi? Irin albasa na, malam. Kai ɗan ina na?"

Da na ce Legas da an yi mini uzuri. Na ce Jega. Matar nan mai gishiri ta leƙa fuskata ta ce ai ta gane ni, ɗan tela ne na Sabon Gari, ta yi salati ta kama haɓa. Na haura shekara ashirin ina cin albasa a ƙasar albasa, ban taɓa tambayar daga me take fitowa ba. Na so gadar ta tsage in bi gwangwanin.

A hankali tsohon ya yi bayani, kuma kowace kalma sai da ta dake ni. Irin na mahaifinsu ne. Kowace shekara sai a zaɓi manyan kawuna a sake binnewa, su yi fure, a sami na baɗi. Nasa irin, ɗaki ya yi yoyo ya lalata shi. Yayansa na Aliero ya rasu a damanar nan, wannan gwangwanin aka tarar a ɗakinsa, babu wani a ko'ina. Raɗar da yake yi kuwa, don kada a ji a dame shi da roƙo ne. Gonar tasa ita ce fadamar da nake gani ta tagar aji kullum.

Sai a lokacin na tuna da shaidata. Na buɗe littafin. Abin da ke ciki bai cika cokalin shayi ba. Baba Nomau ya shimfiɗa tsumman a cinya, ya karɓi littafin ya karkaɗe shi shafi-shafi, ya sa tsinke ya zaƙulo waɗanda suka maƙale a ɗinki, ya ƙulle ya jefa aljihun ƙirji. Direba ya ja mota muka nufi Maiyama.

Shekarar nan irin kasuwa ya shuka, bai sami abin kirki ba. Mahaifina ya rufe shago ya zo da kansa ba da haƙuri, kuma har ya koma bai kalle ni ba. Ɗan abin da ya tsira aka yi wa fangali guda, ni ne mai ban-ruwansa kullum bayan an tashi makaranta, yarana na leƙe ta katanga suna kirana Malam Albarushi. Ba a ci ko kai ɗaya ba, duk aka mayar ƙasa. Sai da rani ya zagayo sau biyu gwangwani ya sake cika. Ranar ce Baba Nomau ya fara yi mini dariya, ya tambaye ni ko littafin nan yana nan. Na ce yana nan.

"To ka riƙe shi da kyau, malam. Ya fi ka hankali. Shi ya adana, kai ka zubar."

Har yau ina karanta irin littattafan nan, ba zan yi ƙarya ba. Amma tabarau na ba da shi, kuma duk ranar da na ji ƙasa na bukatar in cece ta, nakan fara yin sallama in ce, "Baba, mene ne a gwangwanin?"