Yadda Na Kutsa Bikin 'Yar Bishnu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Al Thumama ba, ana saura 'yan watanni a fara gasar cin kofin duniya. Ina digiri na biyu a Doha lokacin, bincikena a kan leburori 'yan Nepal da Indiya. Korona ta cinye mini shekara guda ban yi hira da kowa ba, malamata kuwa ta ce in wata ya ƙare ban kawo komai ba, in fara haɗa kayana. Ko abinci a tsaye nake ci.

Ranar na yi ta zagaye kamar wanda ya yar da makulli. Duk wanda na tunkara sai ya ce "khalas", wato ya isa haka, ya wuce. Can na hangi wani dattijo a inuwar filin wasa, takunkumi a fuska, tawul a ka, waya a kan gwiwa. Na zauna dab da shi, na tambayi sunansa, ya ce "Bishnu", bai ko ɗago ba. (Mai hankali da nan ya tsaya. Ni rikoda na kunna.)

Na ce, "Malam Bishnu, yaya kake ji da nisan iyali?"

Sai ga hawaye. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Har na rubuta a littafina cewa mai bayani ya yi kuka. Na matsa da rikodar kusa da bakinsa, na sake jefa tambayar da ƙarfi.

A hankali ya yaye tawul, sai ga abin sauraro a kunnensa. Ya juyo mini da wayar, ashe kiran bidiyo yake yi da gida. Amarya cikin jan kaya, dangi cike da tsakar gida, duk sun zubo ido suna kallon gumin goshina.

"'Yata ce," ya ce da guntun Turancinsa. "Yanzu ake ɗaura mata aure. Ban samu hutun zuwa gida ba."

Wata tsohuwa ta yi magana daga can, ya amsa mata, sannan ya dube ni. "Mahaifiyata ta tambaya ko kai wane ne. Na ce abokina ne. Yalla, maza gaishe ta."

Haka na ɗaga hannu na gaishe ta, na zauna tare da shi har aka gama. Na goge abin da na naɗa. Hirar sai Juma'a ta gaba muka yi, shi ya kira ni da kansa.

Tun daga ranar, kafin in tambayi mutum abin da ke damunsa, sai na fara tabbatarwa ba ni ba ne.