Kisan Gillar 'Yantacciya

Da zuciya mai tafasa da baƙin ciki nake sanar da dangi, abokan karatu da maƙiya rasuwar wayata, wadda aka fi sani da 'Yantacciya. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi a kan teburin karatuna, tana jone da caja.

An haifi marigayiya a kurkuku. Kamfanin da ya ƙera ta ya ɗaure ta tamau, ba ta karɓar manhaja sai daga shagonsa. Ni kuwa ɗalibar kwamfuta ce, kuma aikina na kammala digiri manhaja ce mai karanta wa masu raunin gani rubutun jikin kwalbar magani. Shagon ya ƙi karɓarta. Sai na jona kebul, na ɓalle makullan wayar da hannuna. Ta suma, ta yi zafi har ta ƙona min tafin hannu, sannan ta farfaɗo da 'yancinta, manhajata kuma ta zauna daram a cikinta.

Mun sha wuya tare. Masu biyayya ga kamfani suka kira ni ɓarauniya a kan abin da yake nawa. Masu wayoyin ɗaya tsarin, wanda ke karɓar manhaja daga ko'ina, suka ce in jefar da fursunata in koma cikinsu. Manhajar banki ta daina gaishe mu. Batir ya riƙa zuba kamar an yanka jijiya. Duk da haka kullum da safe takan ce "ting", ta karanta sunan magani tiryan-tiryan. Doka ɗaya gare ta: kada a taɓa sabunta ta, domin sabuntawar kamfani guba ce ga wayar da ta tsere.

Ina wanka Yayana ya shigo neman caja. Ya ga jan ɗigon nan da ke roƙon a sabunta, kuma shi mutum ne da ba ya iya ganin umarnin kamfani ya wuce. Ya danna. Na fito na tarar ana shaƙe ta: ta kunna, ta mutu, ta kunna, ta mutu, har fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Makashin yana tsaye yana murmushi, wai: "Ƙanwata, ai gyara miki na yi." Likita ya ce kumburin goshinsa zai saɓe. Kujerar da na yi amfani da ita ma ta riga mu gidan gaskiya.

Ta bar caja mai ɗaurin salatif, da gilashi mai tsaga, da marainiyar manhaja da ke kwance a kwamfutata ba ta da jikin da za ta shiga, ga malamai na jiran su ga tana aiki ranar Litinin.

Za a kai gawa shagon mai gyaran waya gobe da hantsi, a farke cikinta, a raba sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina, amma duk wanda ya ce "da ma kin sayi ɗaya tsarin" zai fita ta taga. Bayan addu'a za a shigo da sabuwar wayar Yaya, wadda Mama ta yanke hukuncin a ba ni diyya. A gabansa zan ɓalle ta. An tanadar masa kujera a sahun gaba.