Motar Tanimu Ta Ƙasar Ƙanƙara

Duk Gusau babu wanda bai san bakin Tanimu ba. In ya sayi allura, kafin la'asar ta zama takobi. To, sai ga shi ya sayi mota ta hannu, wadda aka shigo da ita daga wata ƙasa mai sanyi. Mutanen teburin mai shayi suka shiga uku.

"Ku irin motocinku na Dubai, ai kayan wasan yara ne," in ji shi. "Wannan don ƙanƙara aka ƙera ta. Injin da ya ture ƙanƙara, me kwalta za ta yi masa?"

Gaskiyar magana, injin nata ɗan mitsitsi ne, kuma ko na'urar sanyaya ciki babu, don can ƙasar babu mai neman sanyi. Abin da take da shi wasu maɓallai ne biyu masu hoton kujera da ɗan hayaƙi yana tashi, na ɗumama mazauni lokacin hunturu. Dillalin da ya sayar masa da ita ya ce masa, "Waɗannan kada ka taɓa su a ƙasar nan." Shi kuwa gogan bai tambayi dalili ba. Ya yanke wa kansa hukunci cewa na ƙarin gudu ne, titunanmu ne ba za su iya ɗauka ba.

Yana neman auren Tasalla, kuma maganar tana hannun kawunta Nomau, dattijon da har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da Tanimu ya ji Kawu zai je suna Ƙauran Namoda, ya yi caraf: "Kawu, ina raye ka shiga motar haya? Haba!"

Tsakiyar bazara ce, rana kamar ta faɗo ƙasa. Kawu ya sha farar shadda, ya harɗe a gaba. Suna cikin tafiya sai wata akori-kura shaƙe da albasa ta wuce su, ɓut-ɓut-ɓut. Ran Tanimu ya ɓaci.

"Kawu, riƙe hularka. Yau za ka ga aikin Turawa."

Ƙyas! Ƙyas! Ya danne maɓallan duka biyu, ya take totur. Mota ta yi gurnani, gudu dai na nan yadda yake.

Can Kawu ya muskuta. Ya sake muskutawa. Ya ɗaga ɓari guda, ya sauya ɗayan.

"Yaro, anya babu garwashi a ƙarƙashin nan?"

Tanimu ma yana toyuwa, gumi sharkaf, amma ina zai yarda? "Ƙarfin injin ne ke ratsowa, Kawu. Yanzu za ta tashi."

"Ni ne dai zan tashi! Tsaya! Na ce ka tsaya!"

Ƙiii! Kawu ya yi tsalle waje, yana fifita bayansa da hula, shadda ta manne masa. Gaba kaɗan mai albasa ya tsaya zuba ruwa a mota. Dattijo ya ɗingisa can, ya haye saman buhuna.

"Kawu, maganar Tasalla fa?" Tanimu ya ƙwala, shi ma yana tafe a wawware.

Kawu Nomau ya leƙo daga kan albasa. "Ni da kake lallashi ka gasa ni haka, ita da za a kai maka har gida me za ka yi mata? Je ka nemi matar a ƙasar ƙanƙara!"