Ranar da Na Tare Katafila da Muciya

Ba zan taɓa mantawa da jan fentin nan ba, ko da na so, domin kullum sai na taka sakamakonsa da ƙafata kafin in shiga gida.

Wata Juma'a ce. Na dawo daga makaranta da yunwa kamar in ci jakata, sai na tarar an ja jan layi biyu a bangon gidanmu, ɗaya a dama da ƙofa, ɗaya a hagu, kowanne da kibiya tana nuna ƙasa. Na ɗaga kai na duba layinmu, kowace ƙofa haka. Nan take yunwar ta gudu ta bar ni a tsaye.

Kafin ku ce na cika tsoro, ku sani ni na san jan fenti. A hutun da ya wuce na je wurin Gwaggona a Chanchaga, da idona na ga an shafa wa wasu shagunan bakin titi jan fenti, ba a daɗe ba katafila ta zo ta kwashe su kamar ana kwashe kwanukan wanke-wanke. Na ga wani mai aski yana gudu da madubi a ka, wanda ake yi wa askin yana biye da shi da rabin suma. (To, mai rabin sumar na ɗan ƙara gishiri, amma madubin gaskiya ne.) Tun daga ranar nake jin babu wanda ya kai ni sanin harkar rusau a duk unguwarmu ta Kpakungu.

Na faɗa cikin gida a guje. “Mama! Mama, an shafa mana jan fenti!”

Mama na tsugune a tsakar gida tana jera manyan tukwanenmu a cikin buhu. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Na gani. Babanki ya san da maganar, sun yi taro a ƙofar mai unguwa. Cire kayan makarantar nan ki zo ki kama mini.”

Taro. Tukwane a buhu. Baba kuma ya rufe shagonsa na Kasuwar Kure ya tafi ƙauye saro hatsi tun da safe. Na haɗa ukun nan a kaina. Wato an fara haɗa kaya ke nan, ni ce kawai ake ɓoye wa don an ɗauke ni yarinya. (Tukwanen aron su aka yi, suna za a yi a bayan layinmu. Da na buɗe baki na tambaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.)

Na fita neman ƙarin bayani wurin Nna Fati, maƙwabciyarmu ’yar Bida mai tuyar masa a ƙofar gidanta. Ta dube ni ta ce, da Hausarta ta ’yan Bida, “Kai yarinya, me ya sami fuskanka? Ai katafila zai zo ran Litinin, haka suka faɗa. Ni ma zan ɗauke tandana in koma bayan masallaci.”

Shi ke nan, ta ƙarasa ni.

Ranar ko loma ban iya haɗiya ba. Gidan nan kakan Baba ne ya gina shi lokacin da ya zo aikin jirgin ƙasa. Ba wani gida ba ne na a zo a gani. Layin matsattse ne, da damina ruwa yakan shigo zaurenmu ba sallama ya kwashi takalma ya kai su gidan wasu. Amma namu ne. Na zauna ina kallon bishiyar mangwaronmu ina hango ta a kwance, ina hango Mama zaune kan buhun tukwane a tsakiyar titi, ni kuma ina karatun jarrabawa a ƙarƙashin gada. Ko kaza ta yi motsi sai gabana ya faɗi, in zaci katafila ce ta yi sammako.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da take zuwa wa mutum idan hankalinsa ya yi tafiya. Katafila jan fenti take bi. Gidan da babu jan fenti, me zai kai ta?

Da safiyar Asabar na karɓi sharar ƙofar gida da kaina, abin da ya sa Mama ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake yi. Na ɓoye kananzir da soson ƙarfe a cikin hijabi. Na goga, na goga, ina waige kamar ɓarauniya. Maimakon jan ya fita, sai ya baje ya zama kamar an watsa wa bangon zoɓo. Na koma ciki na lalubo ragowar fentin da aka yi wa bangon da Sallah, na lafta a kai. Sabon fentin ya fito fes yana ƙyalli a cikin tsohon da ya koɗe. Sai na ɗebi ƙasa na watsa masa tun bai bushe ba, don ya tsufa da wuri. Na ja da baya na duba aikina. Wallahi sai da na tausaya wa masu zuwa jami'a koyon abin da Allah ya ba ni kyauta.

Da hantsi wani mutum ya zo a kan babur, sanye da rigar ma'aikata mai ƙyalli. Duk ƙofar da ya ga jan layi sai ya tsaya, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya wuce. Ina leƙensa ta ramin ƙofar zaure, zuciyata na duka kamar gangar biki. Ya iso gidanmu. Ya dubi bango. Ya dubi ƙofa. Ya wuce!

Na yi rawa a zauren nan ni kaɗai. Har tausayin maƙwabta na ji, na ce idan an rushe nasu za mu iya ba Nna Fati zaure ta zauna kafin ta sami wuri.

Amma tsoro bai sake ni ba. Ran Litinin na ce cikina na ciwo, na ƙi zuwa makaranta don in tsare gida. Mama ta ce ciwon ciki bai shafi hannu ba, ta miƙo mini muciya in tuƙa tuwon rana. Ina cikin tuƙi na ji ƙasa na rawa. Kwanuka suka fara kaɗawa. Na leƙa ta saman katanga, sai ga ƙaton hannun katafila ya ɗago sama, haƙoransa a buɗe, daidai bangonmu.

Ban san lokacin da na fita ba. Babu takalmi, hijabi a juye, muciya a hannu da tuwo a jikinta. Na tsaya a gaban katafila na ware hannuwa na kwarara ihu: “Kada ku taɓa! Ku duba da kyau, gidanmu babu jan fenti! Babu! Ku je ku rushe na masu fenti!”

Direban ya kashe inji. Sai a lokacin na ga ashe duk unguwa na waje: mai unguwa, ’yan acaɓa, matan layi, yaran da aka koro daga makaranta, har da kansilanmu cikin babbar riga, ya zo ganin fara aiki. Kowa ni yake kallo. Musamman masu fentin da na ce a je a rushe nasu.

Kansila ya ce, “’Yata, wa ya ce miki rusau muka zo yi?”

Shugaban ma'aikatan yana ta danne dariya ya ce, “Ƙanwata, kwata za mu haƙa muku, ruwa ya daina shiga gidajenku. Jan layin nan alamar inda za a ɗora murfin kankare ne, a kan ƙofar kowa, don ku sami wurin tsallakawa.” Sai ya dubi bangonmu ya ɗaure fuska. “Af! Nan ina alamar? Ran Asabar aka ƙirga, an riga an zuba murafan daidai ƙofofin da aka gani.”

Daidai nan Baba ya sauko daga Keke mai ƙafa uku da jakar tafiyarsa. Ya ji ƙarshen maganar. Ya ce, “Kamar yaya babu alama? Ni na riƙe muku bakin igiyar awo kafin in tafi. Har roƙo na yi a faɗaɗa tamu saboda baron hatsi.”

Ya matsa jikin bango ya shafa da tafin hannu. Ƙasar da na watsa ta zubo. Sabon fenti ya leƙo yana murmushi.

Nna Fati ta ce da ƙarfi, yadda har na ƙarshen layi zai ji, “Ai na gan shi ran Asabar yana goga! Na ce kai, yarinyan nan yana son tsafta.”

Layin ya fashe da dariya. Wani ɗan acaɓa har sauka ya yi daga babur ya riƙe ciki. Na yi addu'a direban ya tayar da inji ya haƙa kwatar daga inda nake tsaye, ya rufe da ni. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya dubi muciyar, ya dube ni, ya ce, “Injiniya, shiga ciki, tuwonki na ƙonewa.”

An haƙa kwata, mai zurfi, mai kyau. Ruwa ya daina sace mana takalma. Kowane gida a layin ya sami murfinsa na kankare, sumul. Mu kuma aka ce mu jira zagaye na biyu na aikin. Muna nan muna jira, a kan wani katako da Baba ya gicciya, wanda yake lilo ko kyanwa ce ta hau. Baro ba ya hawa, sai dai a sauke buhunan hatsi a titi a shigo da su a ka. Duk buhun da ya tsallaka sai masu dako sun ce, “A gaida Injiniya!” Yaran layi kuwa sun raɗa wa katakon suna Gadar Injiniya, har kwatance ake yi da ita.

Abin da na koya shi ne, idan Mama ta ce “an san da maganar,” in daure in tambaya, “Wace maganar?” Ba ta da tsada, kuma ba ta cin kananzir.

Baba ya sayo jan fenti ya mayar da layukan nan biyu da hannunsa, ko za a dawo ƙirga. Yanzu duk sanda zai yi tafiya sai ya tsaya a tsakiyar katako yana lilo, ya waiwayo ya ce, “Injiniya, ga amanar bango nan. Ko ƙadangare kika gani a kai, ki bar shi.”