Haruffan Kaka Sun Shiga Kwamfuta

"Lafiya lau, tsohon miji. Ashe kana nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon gado."

"Ke za ki riga ni, da wannan wuyan naki kamar mariƙin lema," in ji kakan, yana kwashe gwangwanayen fenti daga kan benci don jikarsa ta zauna.

Shekara arba'in da biyar yana rubuta allunan shaguna da na bayan motoci. Yanzu hannun ya fara rawa, ya daina karɓar aiki. Jikar tasa, wadda sana'arta rubuta manhajar kwamfuta ce, ta shafe wata takwas tana bin tsofaffin allunansa da kyamara, tana kwafe harafi bayan harafi. Ranar ta buɗe kwamfutarta a kan cinya ta danna, sai ga rubutunsa sak, har da 'yar lanƙwasar da yake yi wa ƙ da ɗ.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago kai ya dube ta.

"Ashe ɓarauniya na aura. Ina zaune kin sace min hannu."

"Ka taɓa ganin ɓarawon da ya zo da takarda yana neman izini?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Wanda ya ƙirƙiri abu shi ke da haƙƙin mallakarsa, kuma ba mai kwafa sai da yardarsa. Yardar da aka rubuta, da sharuɗɗanta, ita ce lasisi. Takardu biyu ta kawo. Ta farko daga wani kamfani ce da ke son sayen haruffan ɗungurungum. Ta biyu kuwa ta ce kowa ya ɗauka kyauta, muddin ba a goge sunan mai zanen ba, kuma ba a mayar da su hajar sayarwa ba.

"Wato in na sa hannu a ta farko, sai na roƙe su kafin in buga ƙ ɗina a takarda?"

"Har da durƙuso."

"Ke wacce kike so?"

"Ta kamfani mana. In sayi mota, in sake ka, in auri mai haƙora."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma tausayi ne ya sa na riƙe ki."

Ya san ƙarya take yi, don ta biyun ta ɗora a sama, har ta aza biro a kai. Da ya matsa mata, sai ta faɗa masa cewa wata malamar firamare ta ga haruffan, tana so ta buga wa ɗalibanta littafin koyon karatu da su, saboda lanƙwasar ta fito fili yadda yaro ba zai ruɗe ba. Kakan ya dubi yarinyar nan da ya taɓa goyawa a kafaɗa, ya rasa ta ina ta kwaso wannan kai. Ya ɗauki biro, ya daɗe yana fama, ya sa hannu a ta biyun.

Ta ɗaga takardar tana dubawa. "Wannan ne sa hannun babban gwani? Kamar kaza ta taka fenti."

Ya yi dariya har da tari. "Kin ci ni. Amma ki sa sunanki tare da nawa. A ƙasa, da ƙananan haruffa."

"A sama."

"To, a sama," in ji shi, yana share ido da bayan hannu. "Amma da rubutuna."