Hoton Malam Dabo da Jatau

"Sannu da zuwa, sannu da rana... au, ashe kai ne? Na janye sannuna. Na ɗauka mutum ne."

"Riƙe abarka, tsoho, dama ba wajenka na zo ba. Ina matata?"

"Matarka tana ciki tana dama mini fura. Kai ko ƙanzo ba ta ajiye maka ba."

Ikrima ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan kakansa Malam Dabo, a wani ƙauye kusa da Makoda inda gonaki suka matse juna, kunyar wannan tana gogar ta wancan. Tsohon ne da kansa ya aika a kira shi daga Bici, inda yake koyon ɗaukar hoto. Yau bayan La'asar motar Alhaji Nababa mai sayen shanu za ta zo ta tafi da Jatau, bijimin da ya yi damina bakwai yana ja wa Malam Dabo garma. Mutumin da ya shekara yana cewa hoto sana'ar marasa gona ce, shi ne yau yake so a ɗauke shi tare da sansa kafin su rabu. Ikrima ya aro kyamarar maigidansa ya taho, sai dai tun jiya babu wuta a shagon, batirin bai sha caji ba.

"Ka ga ɗan layin nan?" Ya nuna wa tsohon kusurwar gilashin da ke bayan kyamarar. "Shi ne ragowar cajin. In ya ƙare, sai dai ka zana Jatau da gawayi a bangon zaure. Saboda haka ka tsaya inda na ce, ka yi abin da na ce."

"Ni zan bi umarninka? Kai da na ɗora a wuya kana jiƙa mini riga?"

"To yau ma a wuyanka nake. Je ka shirya."

Malam Dabo ya shiga gida ya daɗe. Da ya fito, sai ga shi cikin farar babbar riga mai ƙamshin adaka, an kafa hula an karkata ta kamar mai zuwa zance. Ya kwanto Jatau daga turke, ya ja shi zuwa bakin gonar gyada da ke bayan gida, ya tsaya ƙiƙam ya ɗaure fuska.

Ikrima ya danna. Hoton ya fito a gilashin, kuma kafin ya ɗago kai tsohon ya saki igiya ya iso kansa.

"Mu gani! Ina nake? Kai, wannan ai duhu ka ɗauka."

"Kana ciki. Rana ce ta fi ƙarfin gilashin."

"Ƙarya ne, baƙin ciki ne. Ka ga na fi ka kyau ka rufe ni."

Ikrima ya kare gilashin da hularsa, bai wadatar ba. Ba don ransa ya so ba ya shiga saiti ya ƙara masa haske har ƙarshe, ya kuwa san cajin ne yake zuba. Malam Dabo ya kanne ido ya leƙa, sai ya ja da baya.

"Waɗannan layukan fa da suka gitta ni? Biyu a tsaye, biyu a kwance. La'ilaha illallahu! Yaron nan, ka raba ni gida tara kamar gonar gado, tun ina da raina?"

"An riga an gama rabon. Kanka na Baba ne, ƙafafunka na Gwaggo Asiya, ni hular kawai nake so."

"Ko zaren hular ba za ka gani ba. Cire su."

"Ba sa fita a hoto, tsoho. Da su nake daidaita ku, don kada ka fito a karkace."

"Shekara saba'in ina jan kunya a miƙe babu igiya babu layi. Cire!"

Ikrima ya lalubo wurin ya kashe layukan. Suna ɗagowa, babu Jatau. Taku biyar kawai ya yi, amma taku biyar a nan ya isa ya fitar da kai daga gonarka. Yana cikin waken Muhammadu Sani maƙwabci, ya cika baki da ganye.

"Ka gani ko? Kana kallon kanka, sanka yana jawo maka shari'a."

"Kama mini shi, sarkin surutu! In Muhammadu Sani ya tambaya, ka ce na'urarka ce ta tsorata shi."

Da ƙyar suka jawo shi. Aka sake tsayawa, Ikrima ya sake dannawa, tsohon ya sake rugowa, wannan karon da igiyar a hannu, Jatau na biye da shi kamar shi ma yana son gani. A gilashin, ƙirjin babbar rigar yana ta ƙiftawa, ya yi baƙi ya yi fari.

"Inna lillahi! Rigata ce take walƙiya haka? Me ka yi mata?"

"Kyamarar ce take gargaɗi. Ta ce farin ya yi yawa a wurin, aikin wuyan ba zai fito ba."

Malam Dabo ya shafa ƙirji. "Ka ji ko? Har ƙarfen Nasara ya san rigar nan ta fi ƙarfinsa. Tun ubanka bai yi kaciya ba na ɗinka ta."

"Ya dai san an zuba mata bula har tana neman makantar da shi. Mu koma inuwar ɗorawa."

A ƙarƙashin ɗorawar ƙiftawar ta daina, Ikrima ya rage hasken gilashin, ya ɗan samu natsuwa. Kuskurensa ɗaya, da zai goge gumi ya ɓallo gilashin gefe, tsohon ya ga ashe abin yana juyawa.

"Tsaya! Dama yana waiwaye ka ɓoye mini? Juyo shi ya kalle ni."

"Ba madubi ba ne."

"Juyo shi, ko in sa a ɗaura wa matar taka aure da ni karo na biyu a gabanka."

Ikrima ya juyo shi. Nan fa aiki ya lalace gaba ɗaya. Malam Dabo ya manta da Jatau, ya manta da idon kyamara, ya zuba wa gilashin ido. Ya tura hula gaba, ya mayar da ita baya. Ya yi murmushi, ya ga giɓi, ya rufe baki da sauri. Ya ɗaga haɓa kamar mai neman kujerar kansila. Hoto huɗu Ikrima ya ɗauka, a kowanne idon tsohon yana kallon gefe kamar wanda ya hango ɓarawon akuya, Jatau kuwa ya juya musu gindi.

"Kalli nan, gaban kyamarar, ba gilashin ba!"

"In na kalli can wa zai duba mini hula? Kai? Kai da kake yawo da wando kamar an tsotse rake?"

Ɗan layin cajin ya koma ja. Daga masallacin unguwa aka kira La'asar. Suka ɗaure Jatau a jikin ɗorawar suka je suka yi salla, Ikrima ya kashe kyamarar yana addu'ar ta sake tashi. Ta tashi, amma suna dawowa ya jiyo gurnanin mota can wajen burtali.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya kashe saitin da ke nuno hoto bayan kowace dannawa, ya juya gilashin ya kifa fuskarsa a jikin kyamarar, ya kara idonsa a 'yar tagar leƙe da ke sama.

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, na rufe gilashin ne. Shi yana shan caji, kai kana shan lokaci."

"To da me za ka gan ni?"

"Da wannan 'yar tagar."

"Ji shi, ya kanne ido ɗaya kamar maharbin gafiya. Da ido biyu ma me ka gani? Buɗe mini abina."

"Ba zan buɗe ba."

"To na fasa. Hoton da ban gani ba ai ba nawa ba ne. Tattara komatsanka ka koma Bici ka ci gaba da ɗaukar 'yan makaranta."

Ya juya wa Ikrima baya da fushi. A daidai nan motar ta yi oda a ƙofar gida, aka ji muryar Alhaji Nababa yana sallama. Malam Dabo ya tsaya cak. Ya dubi hanyar, ya dubi Jatau. Sannu a hankali ya kwance igiyar daga jikin bishiyar, ya sa hannu yana sosa masa gindin tozo, inda karkiya ta cinye gashin. Ya yi ƙasa da murya, amma Ikrima yana ji.

"To, Jatau. Ka yi haƙuri da bulalar shekarar da ruwa ya makara. Ni ma ba a hayyacina nake ba. Ka ciyar da gidan nan, Allah ya gani."

Jatau ya sunkuyo da kai ya dafa goshinsa a ƙirjin tsohon, ya goga masa yawu da koren ganye a kan aikin rigar. Hular ta zame gefe, bai gyara ba. Ikrima ya riƙe numfashi ya danna sau uku, ƙarar injin motar ta haɗiye ƙarar kyamarar.

Sai da yaran Alhaji Nababa suka karɓi igiyar suka yi gaba da Jatau, sannan ya matso ya buɗe gilashin.

"Ungo, tsoho. Duba da sauri, numfashinta na ƙarshe ne."

Malam Dabo ya karɓa da hannu biyu. Ya ƙura wa hoton ido, har gilashin ya yi baƙi da kansa, bai ɗauke ido ba. Can ya yi gyaran murya.

"San dai ya yi kyau. Wannan tsohon da ke jikinsa fa, a ina ka tsinto shi?"

"A bakin hanya. Kuka na tarar yana yi."

"Hayaƙin mota ne ya shigar masa ido."

"Motar tana ƙofar gida, tsoho."

"Hayaƙin Alhaji Nababa tafiya yake da ƙafarsa." Ya dubi baƙin gilashin, muryarsa ta sauya. "Kai, ba dai ya tafi da hoton ba?"

"Yana ciki. Gilashin ne ya mutu, hoton yana nan."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya, sannan dariya ta ƙwace masa har giɓin ya bayyana duka.

"Ka ci ni, ɗan banza, ka ci ni da ido ɗaya. A wanko mini shi babba, wanda zai cika bangon zaure. Shiga akurki ka kama zakara. Jan za ka kama, ka bar mini baƙin, ya fi ka hankali."