Injiniya Ba-Ɗigo da Motar Mai Otal

Idan ana lissafin mutanen da ruwa ke shakka, a fara da Injiniya Ba-Ɗigo, shugaban sashen gyare-gyare na babban otal ɗin bakin titi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar toshe rami. Yana da biro huɗu a aljihun gaba, sukurdireba biyu a ƙugu, da tarin makullai masu yi masa kirari tun daga ƙasan bene. Injiniyancin dai, shi ya ba kansa. Ba-Ɗigo kuwa ma'aikata ne suka ƙara masa, ranar da ya gyara famfon kicin ya daina ɗiga, ya kuma daina zuba gaba ɗaya.

Gidansa ma shaida ne. A ɗakin barcinsa akwai bokiti uku, roba biyu da tukunya ɗaya, kowace a ƙarƙashin nata ramin silin. Idan uwargidansa ta yi magana, sai ya ce, "Rufin nan yana ƙarƙashin nazari." Nazarin ya girmi autansu.

Shi mai otal dattijo ne da ya huta da neman duniya, ya koma wasa da wata jar mota mai rimot, mai manyan tayoyi, girmanta kamar akwatin tafiya. Kullum da yamma yana tuƙa ta a farfajiya, baƙi na tsallake ta da jakunkunansu. Rannan sai ya tsaya bakin tafkin ninƙaya, ɓangaren da ruwa bai wuce ƙwauri ba, ya ce da ma motar nan za ta iya ratsawa.

Kafin ya rufe baki, makullai sun iso.

"Yallaɓai, abin da na karanta ke nan. A ba ni ita."

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa. "In ta ƙetare lafiya, ka zama Babban Injiniya. In wani abu ya same ta, ka ajiye mini makullan nan."

Injiniya ya ji rabin farko sarai. Rabi na biyu iska ta tafi da shi. Kafin ma ya kwance noti ɗaya, ya je an buga masa allon ƙofa mai ruwan zinariya: BABBAN INJINIYA. Mai hangen nesa ba ya jiran sakamako.

Sannan aka shiga aiki. Ya share teburin ofis, ya shimfiɗa farin tawul na ɗakin baƙi, ya kwantar da motar kamar marar lafiya, ya tara ma'aikata su ga ilimi da idonsu. Ya ƙirga kafofin jikinta, ashirin da uku. Ya saka batir a balan-balan, ya saka balan-balan a leda, ya naɗe ledar da salatif. Ya cika bakin tayoyi da giris. Ya ɗiga kyandir a kan kowace waya. Abin da ya rage ya bi shi da farin gam na liƙe gilashi, kwalba biyar, har motar ta koma kamar wadda aka tsoma a kunu.

A kusa da injin ya tarar da wata 'yar fanka da ƙananan tagogi shida. Ya ɗaga fankar sama da tsinken hannu, ya yi murmushin tausayi.

"Ku dubi aikin masu ƙera ta. Fanka, a motar da za ta shiga ruwa. Kifi ne zai ji zafi?"

Ya jefa ta kwandon shara, ya shafe tagogin shida da gam.

Dattijo ya leƙo ofis, ya ga motarsa. "Injiniya, ta ina za ta sha iska?"

"Yallaɓai, duk ramin da na bar wa iska, ruwa zai ce nasa ne. Ni ba na barin rami. Tambayi kowa."

Ba a tambayi uwargida ba.

Ranar gwaji Injiniya ya zo da farar riga da hular kwano. An jera kujeru a bakin tafki. Masu girki sun bar tukwane, masu shara sun jingine tsintsiya, baƙi na ɗauka da waya. Ya yi jawabi a kan tarihin yaƙinsa da ruwa, ya gode wa kansa, sannan ya miƙa wa dattijo rimot da hannu biyu.

Mota ta gangara. Ruwa ya rufe tayoyi, ya rufe ƙofa, ta ci gaba da tafiya tana tura ruwa gefe. Aka fara tafi. Injiniya ya ɗaga hannu yana karɓa, ya ce a ƙara mata wuta, a zagaya, a sake zagayawa, duniya ta gani.

A tsakiyar zagayen ne ta tsaya cak. Gilashin gabanta ya yi fari, sannan ya yi toka, sannan baƙi. Gam ɗin rufinta ya kumbura kamar ƙurji, ya fashe a wuri ɗaya, wani siririn hayaƙi ya miƙe sama mai warin ƙonanniyar roba. Ga ruwa ta gabas, ga ruwa ta yamma, tafki guda, amma babu ta inda ɗigo ɗaya zai shiga ya kashe wutar. Injiniya ya riga ya tabbatar da haka.

Ya faɗa ruwan da takalmi, ya rungumo ta, ya yanka gam da wuƙa a gaban jama'a. Batir ya zama gawayi, wayoyi sun narke sun haɗe. Ya zura yatsa ciki, ya ɗago shi sama.

"Jama'a ku shaida. A bushe take."

"Ƙwarai," in ji dattijo. "Makullan."

Ya haɗa masa da gawar motar, ya ce ya tafi da ita, aikinsa ce.

Da la'asar hadari ya haɗu. Injiniya ya shiga gida shiru, babu ƙarar makullai, allon zinariya a hammata, mota a kafaɗa. Silin ya buɗe sabon rami daidai kan gado, kuma robobin gidan duk suna bakin aiki. Uwargida ta karɓi motar, ta zazzage tokar a shara, ta juya ta ciki sama, ta ajiye a kan katifa.

Ruwa ya yi ta ɗiga a ciki har ta kusa cika. Ta zura hannu ƙarƙashi ta shafa zanin gado, ta ji shi a bushe.

"Sannu da aiki, Baban yara," ta ce. "In ka samu wasu guda shida, ka liƙe mana."